Ƙaramin dam na ƙasa mai zaman kansa: ruwan da ake faɗa da ruwan da ake samu

Wanda ke shirin dogara da ƙaramin dam na ƙasa, wato wanda aka gina da ƙasa, don ruwan sha, ko na dabbobi, ko na lambu, kada ya je duba shi a ƙarshen damina. A lokacin kowane dam gwanin kyau ne. Ruwa ya cika fal, ciyawa ta rufe jinga, mai shi yana nuni da hannu yana lissafa dubban kubik mita. Ana sanin dam ne saura makonni shida ruwan farko ya sauka, sa'ad da bakin ruwa ya janye ya bar laka mai tsagewa, bututun ɗiba kuma ya fara shaƙar iska. Da wannan ma'aunin aka auna shi a nan.

Abin da ake magana a kai shi ne madatsar da aka tare ƙaramin rafi ko kwari da ita, aka gina ta da ƙasa zalla ba kankare ba, tsayinta yawanci mita 3 zuwa 8, mallakar mutum ɗaya ko gona ko kamfani, ana ba mutanen kewaye ruwanta ta bututu ko tanki ko wurin ɗiba. Hukumar ICOLD mai kula da sha'anin manyan madatsu a duniya tana kiran dam babba idan ya kai mita 15, ko kuma yana tsakanin mita 5 da 15 amma yana riƙe fiye da kubik mita miliyan 3. Abin da ya gaza haka ƙarami ne, kuma a ƙasashe da yawa wannan ƙanƙantar ce ke sa masu sa ido ba sa waiwayarsa. A takarda ne kawai yake ƙarami. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, nauyinsa tan ɗaya, kuma duk wannan nauyin tarin ƙasa ne ke tare da shi.

Ruwan da zai kai ga mai saye

Akwai lissafin da ake yi a tsaye a bakin dam. A ɗauki tsawon jinga a daidai inda ruwa ke tsayawa idan ya cika, a ninka da nisan da ruwan ya koma baya cikin kwarin, a ninka da zurfi mafi yawa, a raba shida. A ce jinga mita 120 ce, ruwa ya koma baya mita 300, zurfinsa a gindin jinga mita 5. Amsa kubik mita 30,000, faɗin fuskar ruwan kuma kusan hekta 1.8. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: idan mai dam ya ambaci adadin da ya ninka wannan sau biyu, to da sauran magana.

Matsalar ita ce siffar kwari. Faɗi ne a sama, tsukakke a ƙasa, don haka kusan rabin ruwan wannan dam yana cikin mita ɗaya na sama. Idan zurfi ya sauka daga mita 5 zuwa 4, abin da ya rage bai wuce kubik mita 15,400 ba. Wannan mitan na sama kuwa shi rana da iska ke fara ɗauka. A wuri mai zafi da bushewa ruwa kan ƙafe da milimita 5 zuwa 8 a kullum. A ɗauki 7: a kan hekta 1.8 kubik mita 126 ke tashi sama kowace rana, ba a buɗe famfo ko ɗaya ba. A wata shida zurfi ya ragu da kusan mita 1.3. Ƙara da tsiyayar da ke bi ta ƙasa da ta jikin jinga, sai a ga abin da za a iya ɗiba a rani mai wata bakwai bai fi kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin adadin da aka faɗa ba. A misalinmu, kamar kubik mita 50 a rana.

Kubik mita 50 ba kaɗan ba ne. A kan lita 20 ga mutum ɗaya a rana, ya ishi mutum 2,500 sha da girki da ɗan wanke-wanke. Saniya a lokacin zafi tana shan lita 30 zuwa 50, wato ya ishi shanu dubu da ɗoriya. Amma hekta ɗaya tak na kayan lambu a rani yana shan kubik mita 50 zuwa 70 a kullum. Nan ne gizo ke saƙa. Mai dam sau da yawa shi ma manomi ne, kuma hekta ɗaya na gonarsa yana shanye ruwan mutum 2,500. Idan rani ya yi tsawo, kowa ya san wanda bawul zai fi saurara.

Dam mai zurfi da ƙunci ya fi mai faɗi da rashin zurfi nesa ba kusa ba, ko da lissafin ruwansu ɗaya ne. Wanda zurfinsa bai kai mita 3 ba tafki ne na 'yan watanni, kada a ɗora masa ruwan shekara. Sai kuma yankin da ke zuba masa ruwa. Hekta 100 da ke samun ruwan sama milimita 600, idan kashi 10 cikin 100 ya gangaro, kubik mita 60,000 ke nan, ya cika dam ɗin sau biyu. A shekarar fari ruwan sama na iya raguwa da kashi ɗaya cikin uku amma abin da ke gangarowa ya ragu da fiye da rabi, domin busasshiyar ƙasa sai ta sha ta ƙoshi kafin ta saki. Tambayar da ta fi amfani ita ce: a shekaru goma da suka wuce, sau nawa ruwa ya bi ta makwararar rara, wato hanyar da rarar ruwa ke fita idan dam ya cika?

Jinga

Tun ran gini tun ran zane. Yawancin abin da ke kashe dam an binne shi ne a cikinsa ranar da aka gina shi, kuma mai saye ba zai gani ba sai ya yi tambaya. An kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye kafin a fara zubi? An haƙa ramin tushe a tsakiyar layin jinga har ya shiga ƙasa marar tsiyaya da aƙalla rabin mita, aka cika shi da yumɓu? Ba tare da wannan ramin ba, ruwa zai bi ta ƙarƙashi ya ɓulla a bayan jinga, ita kuma tana tsaye lafiya lau kamar ba abin da ya faru.

Ƙasar da ta dace ita ce mai yumɓu kashi 20 zuwa 30 cikin 100, gauraye da yashi da 'yar tsakuwa. Yashi zalla yana yoyo. Baƙar laka zalla tana kumbura da damina, da rani ta tsage har hannu ya shiga. Akwai kuma yumɓun da ke narkewa cikin ruwa, wanda ya fi duka haɗari. Gwajinsa ba wuya: a jefa ɗan busasshen dunƙule kamar ƙwayar wake cikin kofin ruwan sama, kada a motsa. Idan cikin 'yan mintoci gajimaren laka ya fara yaɗuwa a kewayensa, wannan ƙasar ba ta ginin dam ba ce sai an yi mata magani da farar ƙasa ko jifsam.

Zubi kuwa shimfiɗa-shimfiɗa ake yi, kowace santimita 15 zuwa 20, da danshin da idan an dunƙule ƙasar a hannu za ta riƙe siffa ba tare da ta jiƙa tafin hannu ba, sannan rola mai haƙora ta bi ta kai sau da yawa kafin a ƙara wata. Dam da yawa katafila ce kawai ta tura ƙasa ta tara. Sarƙar katafila an yi ta ne don kada motar ta nutse, tana baza nauyi, ba ta danne ƙasa yadda ake so. Irin wannan jingar tana lotsawa a tsakiya, inda ta fi tsayi, kuma tsakiyar nan ce ruwa zai fara haurewa. Shi ya sa ake ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kan tsayi tun wurin gini. A tsaya a gefe ɗaya a sunkuya a hango saman jinga: ya kamata ya ɗan yi doro a tsakiya, ba kwari ba. Faɗin saman kada ya gaza mita 3. Gangaren da ke fuskantar ruwa mita 3 a kwance ga kowane mita 1 a tsaye, na baya aƙalla 2 ga 1, da jeren duwatsu inda igiyar ruwa ke duka.

Kowane dam na ƙasa yana tsiyaya, wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne launi da yawa. A zagaya gindin jinga ta baya, a nemi inda ƙasa ke lumewa ƙarƙashin ƙafa, ko inda kacalla ta tsiro alhali kewaye a bushe yake. A tari ruwan a kwalba mai haske a ajiye minti goma. Idan garau yake, kuma bokitin lita 10 yana ɗaukar lokaci iri ɗaya kafin ya cika mako bayan mako, ba komai. Idan laka ta kwanta a gindin kwalbar, ruwa ba ya tsami banza: jingar ce ke fita kaɗan-kaɗan, rami na faɗaɗa daga baya yana nufar ruwa. Daga lokacin da ya huda zuwa ɓallewa wani sa'in awoyi ne kawai. Maganinsa ba toshe bakin ramin da yumɓu ba ne, wannan sai ya sa ruwan ya nemi wata hanya. Ana rage ruwan dam ne, a shimfiɗa yashi a wurin, a ɗora tsakuwa, sannan duwatsu, yadda ruwa zai wuce ƙasa ta tsaya, a kuma kira injiniya a ranar.

Itace a kan jinga abin sha'awa ne ga ido kawai. Saiwa tana bin danshi, idan itacen ya mutu ta ruɓe ta bar bututu. Haka surin gara da ramin gafiya. Ciyawa mai yaɗo, gajera, wadda ake yankewa, ita kaɗai ake so, don a riƙa ganin tsaga da lotsawa da wuri.

Makwararar rara, inda mai dam ke nuna halinsa

Ƙasa ba ta jure ruwa ya bi ta kanta. Da zarar ambaliya ta haura saman jinga, sai ta fara cin bayanta tana komowa gaba har ta yanke. Don haka ake yanka hanya mai faɗi a gefe, cikin asalin ƙasa mai tauri ko dutse, ba a kan ƙasar zubi ba, a bi da rarar ruwa ta sauka nesa da gindin jinga. Tsakanin ƙololuwar ambaliya da saman jinga a bar aƙalla rabin mita, mita ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Mutane kan raina girman da ake bukata. A yanki mai hekta 100, ruwan sama mai ƙarfin milimita 60 a awa, idan kashi 40 cikin 100 ya gangaro saboda ƙasa ta riga ta jiƙe, yana kawo kusan kubik mita 7 a kowace daƙiƙa. Zai cika dam ɗin misalinmu daga fanko cikin awa ɗaya da kwata. Makwarara mai faɗin mita 10 da ruwa ke bi da zurfin rabin mita kubik mita 6 take fitarwa a daƙiƙa. Da ƙyar ta isa. Wanda ya sa bututun kwalbati biyu ya ce ya yi makwarara, reshe ɗaya da tarin ciyawa sun isa su toshe su.

Jarabar kuwa a bayyane take. Buhunan yashi masu tsayin santimita 30 a bakin makwarara suna ƙara wa mai dam fiye da kubik mita 5,000, kyauta. Mai kiwon kifi kuma yakan ɗaura raga don kada kifinsa ya gudu, ragar ta tara shara ta zama bango. Wannan ba sabon abu ba ne. Dam ɗin South Fork a jihar Pennsylvania ta Amurka, wanda ya fi waɗannan girma, mallakar wata ƙungiyar masu kamun kifi da farauta ne. An rage tsayin samansa don a faɗaɗa hanyar keken doki, an sa raga a makwararar, bututun zubar da ruwan da aka cire tun da farko ba a mayar ba. Ya ɓalle ranar 31 ga Mayu 1889, mutum 2,209 suka mutu a Johnstown da kewaye. A Hawaii, dam ɗin Kaloko, shi ma na ƙasa kuma mai zaman kansa, ya ɓalle a Maris 2006 ya kashe mutum 7, bincike ya nuna an cike makwararsa da ƙasa. A Solai ta ƙasar Kenya, dam ɗin wata gona ya fashe a Mayu 2018 ya hallaka fiye da mutum 40. Duk wanda ya ga buhu ko raga ko tudun ƙasa a makwarara ya riga ya san yadda mai wurin ke auna ribarsa da rayukan da ke ƙasa da shi.

Bututun ɗiba ma wurin rauni ne, domin ruwa yana son bin jikin bututu. Nagari an kwantar da shi cikin asalin ƙasa, an lulluɓe shi da kankare, an yi masa katangar yashi mai tace tsiyaya, bawul ɗinsa kuma yana ta ɓangaren ruwa. Idan bawul a baya kawai yake, bututun kullum cike yake da ruwa mai matsi a cikin cikin jinga, mahaɗa ɗaya ta saki shi ke nan. Tsohon dam marar bututu kada a yanka shi don a sa. A ɗora bututun zuƙo ta sama, yana aiki muddin hawan bai wuce mita 5 zuwa 6 ba. Kuma kada a zuge ruwa da gaggawa. Fiye da santimita 10 zuwa 15 a rana na iya sa gangaren ciki ya zame, saboda ruwan da ke jikin ƙasar bai samu fita ba.

Ruwan kansa

A nan makin dam ƙasa yake. Ruwan sarari ne, ya wanko gonaki da kashin dabbobi da duk abin da ke kan hanyarsa. Ba a shan sa ɗanye, komai haskensa. Mai sayar da shi a matsayin ruwan sha dole ya nuna matakai, ba baki ba.

Wurin ɗiba shi ne na farko. Ruwan can ƙasa ba iska a cikinsa, yana ɗauke da ƙarfe da manganis, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana ɓata farin tufafi. Na saman fuska kuma gansakuka da ƙura. Bakin bututu mai shawagi, rataye a jikin durom santimita 30 zuwa 50 ƙasa da fuskar ruwa, shi ya fi. Daga nan sai tankin kwantar da laka da alam, yawanci miligiram 10 zuwa 50 a lita, amma ba a ƙiyasta shi da ka. Ana jera kwalabe a gwada adadi daban-daban, kuma a sake gwaji bayan kowane babban ruwan sama. Sai matatar yashi mai tafiyar hawainiya: yashi mai laushi zurfin kusan mita ɗaya, ruwa na sauka santimita 10 zuwa 20 a awa. Don kubik mita 50 a rana ana bukatar fili kamar murabba'in mita 21, a kuma yi guda biyu, domin idan aka kankare santimita 1 zuwa 2 na sama, dattin mai rai da ke taruwa a saman yashin yana cinye ƙwayoyin cuta yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Ƙarshe kulorin. Giram 150 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 yana ba kubik mita 50 kusan miligiram 2 a lita. Bayan minti 30 a auna, a samu aƙalla 0.5, a bakin famfo na ƙarshe kuma kada ya gaza 0.2. Kulorin cikin ruwa mai laka asarar kuɗi ne, lakar ke shanye shi tana ɓoye ƙwayoyin cuta. Dole gwajin ɗakin bincike ya nuna babu E. coli, ƙwayar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100.

Abu biyu ne wannan jerin bai gama da su ba. Idan fuskar ruwa ta yi kore kamar an zuba fenti, musamman a tsananin zafi, wannan gansakuka ce mai iya fitar da dafin da ke lalata hanta, tana kashe dabbobi, kuma tafasawa ba ta kashe dafin. A daina ɗiba har ta wuce a kuma gwada. Na biyu tsargiya, inda cutar take. Katantanwar da ke ɗauke da ita tana son bakin ruwa mai ciyawa, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Ruwan da aka ajiye a tanki kwana biyu ya kuɓuta daga gare ta, amma yaron da ya shiga wanka bai kuɓuta ba. Shinge kewaye da dam, da kwamin shan dabbobi a bayan jinga, da famfon ɗiba a waje, sun fi kowane magani arha. Kofaton shanu ma kansa yana cin jinga.

Laka kuma tana cin dam a ɓoye. A misalinmu mita ɗaya na can ƙasa kubik mita 240 kacal yake ɗauka, don haka 'yar zaizaya kaɗan ta isa ta binne bakin bututun da aka kafa a ƙasa. Sau ɗaya a shekara a shiga kwalekwale da sanda a auna zurfi a wurare guda da ba sa canzawa. Layin ciyawar jema a kan gangare da ƙananan shingayen duwatsu a kwarin sama suna tare da yawa. Idan za a yashe, a nisanci gindin jinga, kuma kada a huda lakar da ta liƙe ƙasan tafkin.

To, wa ya dace da shi? Ga shayar da dabbobi da ƙaramin lambu, dam mai zurfin mita 4 zuwa sama da makwarara a buɗe abu ne mai kyau ƙwarai, kuma idan masu amfani suna ƙasa da shi ruwa na gangarowa da kansa ba mai ba lantarki. Yana kuma ɗaga ruwan rijiyoyin da ke bayansa, wanda sau da yawa ya fi na dam ɗin tsabta. Ga ruwan gida, sai da tacewa da gwaji. A matsayin tushe ɗaya tilo na unguwa ko makaranta ko asibiti, bai isa ba, a nemi rijiyar burtsatse ko tankin ruwan sama a gefe.

Kasancewarsa na mutum ɗaya kuwa kaifi biyu ne. Mai himma yana gyara tsaga a ranar da ya gan ta, ba jiran kasafin kuɗi. Amma idan ya rasu ko ya sayar, magada ko sabon mai shi ba su yi wa kowa alkawari ba sai abin da ke rubuce. Yarjejeniya ta faɗi lita nawa a rana, wa ke biyan gwajin ruwa da sau nawa, ko akwai izinin hukuma na tare rafin da ɗibar ruwansa, nawa za a saki wa na ƙasa, da wanda za a kira cikin dare idan tsiyaya ta yi laka. A kuma kafa sandar awo cikin ruwa, mai zane kowane santimita 10, inda kowa zai iya karantawa daga bakin shinge, a shafa mata jan fenti a matakin da ban ruwan gona zai tsaya a bar saura don sha. A dam mai zurfin mita 5, idan saura wata uku damina ta faɗi, jan zanen kada ya sauka ƙasa da mita 3 da rabi.